Ciwon Da Ba Ya Sallama

Duk baƙon da ya sauka Yawunde, babban birnin Kamaru, ya tambayi inda Hausawa suke, unguwa ɗaya za a nuna masa, watau Briqueterie, wadda mutanen wurin ke gajarcewa su ce Birik. Sunan ya samo asali ne daga wurin gasa tubali da aka kafa a can tun zamanin mulkin Jamus. Fatake Hausawa ne suka raya unguwar, daga baya Fulani da Barebari da mutanen Nijar da Mali suka tarar da su. Yau ga babban masallaci, ga teloli jere a bakin titi, ga masu atamfa da shadda, da magariba kuwa hayaƙin tsire yakan jawo mutane daga ko'ina cikin birnin. Kasuwar Mokolo tana kusa. Babban Asibitin Tsakiya ma ba shi da nisa, mai ƙarfin ƙafa yana iya takawa. Amma ga matan aure da yawa na unguwar, hanyar zuwa Kano ta fi musu sauƙi a kan hanyar zuwa ɗakin likitan mata, gama ta Kano sun san ta, kuma akwai mai raka su.

A wani lungu na wannan unguwa akwai wata dattijuwa, kowa Inna yake ce mata. A wani ƙauye kusa da Katsina aka haife ta. Tana da shekara 16 aka ɗaura mata aure da wani mai sayar da yadi, aka biyo da ita ta Yola da Garwa har Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa ya kwana yana tafiya da ita zuwa Yawunde. Ta yi shekara fiye da 40 a birnin, amma Faransancin da ta iya bai wuce na ciniki a kasuwa ba. Da mijinta ya rasu sai ta ci gaba da sayar da atamfa a cikin gida, ita ce kuma uwar adashen mata 24. Ba a suna ko biki ko zaman makoki a lungun ba tare da ita ba.

Inna tana da aminiya, mutuniyar Maraɗi, wadda aka kawo ta aure kusan lokaci ɗaya da ita. Tare suka koyi cin rogo da ganyensa irin na mutanen kudu, tare suka yi goyo, kowace ta yi wa 'yar'uwarta zaman jego. Aminiyar ta haifi 'ya'ya takwas. Haila ta ɗauke mata, ta huta shekara huɗu, sai wata rana jini ya dawo. Abin da ya fara damunta shi ne salla: wannan haila ce ko jinin ciwo? Ta tambayi malamar Islamiyya, aka ce mata jinin ciwo ne, ta tsarkaka ta yi sallarta. Amsar daidai take da tambayar da aka yi. Sai dai akwai tambaya ta biyu, watau daga ina jinin yake fitowa, ita kuwa ba wanda ya yi ta.

Bayan jinin sai wani ruwa mai wari ya biyo baya. Mata suka ce sanyi ne. Aka sayo saiwoyi, aka dafa, ta sha, ta yi tsuguno. Aka sayo ƙwayoyi a kemis. Ta yawaita turaren wuta a ɗakinta. Ta daina zuwa biki, in ta zo adashe sai ta zauna can gefe, bakin ƙofa. Haka aka ci shekara guda da wani abu, har baya ya soma ciwo, ƙafa ɗaya ta kumbura. Sa'an nan ne babban ɗanta ya sa ta a mota ya kai ta wani asibiti.

A nan ne abin tausayi ya faru. Likita namiji ne, Faransanci yake yi, tafintan kuwa ɗanta ne na fari, wanda ko sunansa ba ta taɓa kira da bakinta ba. Likita ya tambayi abin da ke damunta, ɗan ya juyo ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ce masa baya ne." Aka ba ta maganin baya. Sai a zuwa na uku, da Inna ta bi su, ta sa ɗan ya fita, ta samo wata mai shara da ke jin Fulatanci, aka faɗa wa likita gaskiyar magana. Da aka duba aka ce sankara ce ta bakin mahaifa, ta kuma riga ta bazu. Ba ta cika wata bakwai ba ta rasu. Inna ce ta yi mata wanka.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata yarinya 'yar unguwar, wadda ta yi karatu ta zama nas. Da mutane suka ragu ta matso kusa da Inna ta ce, "Inna, Allah ya ba da haƙuri. Kwana ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma ciwon nan da kika gani, ya yi shekara goma sha biyar ko fiye yana zaune a bakin ƙofa kafin ya shiga. Da an duba a lokacin, da an kawar da shi a zama ɗaya." Inna ta ce, "'Yar nan, shekara goma sha biyar da suka wuce ai lafiyarta lau, ita ke daka mana a biki." Yarinyar ta ce, "To, ai lokacin ne ake dubawa."

Maganar yarinyar gaskiya ce, ga kuwa yadda abin yake. Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa, wurin da yake buɗewa jariri ya fito. Kusan duk sankarar da ke kama wannan wuri, wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, sunanta HPV. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, lamba 16 da lamba 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ta wurin saduwar miji da mata ake ɗaukarta, ta kuma yawaita ƙwarai, har kusan kowane baligi yakan gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa ba tare da ya sani ba. Saboda haka samunta ba shaidar lalata ba ce. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka, mijin ma bai san yana ɗauke da ita ba, wataƙila tun daga wani aure da ya yi a baya. Ga yawancin mutane jiki yakan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga kaɗan kuwa takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali. Daga wannan sauyi zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ɗauke da ƙwayar HIV, wadda garkuwar jikinta ta raunana, shekara 5 zuwa 10 sun isa, haɗarinta kuma ya ninka na sauran mata sau shida. Auren wuri da yawan haihuwa su ma suna ƙara haɗarin. A duk waɗannan shekaru babu zafi, babu jini, babu wata alama. Baƙo ne da ba ya sallama. Ranar da aka ji motsinsa, ya riga ya kai ƙurya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da wannan ciwo a duniya, wajen 350,000 suka mutu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A Kamaru, ƙiyasin 2020 ya nuna sababbin masu ciwon 2,770, mamata 1,787, watau kusan mace biyar kowace rana. Baya ga sankarar nono, babu wadda ta fi ta kama mata a ƙasar. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a 2018 kuwa ya nuna mata kusan 4 ne kaɗai cikin 100 suka taɓa yin gwajin.

Gwajin ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1940 wani likita Bagirke mazaunin Amurka, George Papanicolaou, ya nuna cewa in aka shafo ɗan abin da ke bakin mahaifa aka duba da madubin likita, ana iya ganin sauyin tun bai zama sankara ba. Gwajin Pap ke nan, shi ne ya rage mace-macen nan ƙwarai a Turai da Amurka. Akwai kuma hanya mai araha: nas ta shafa ruwan khal, irin wanda ake girki da shi, a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya soma lalacewa sai ya yi fari, ta gan shi da idonta. Ta uku ita ce neman ƙwayar HPV ɗin kanta, kuma a wannan mace tana iya shiga bayan labule ita kaɗai ta ɗauko abin gwajin da wani ɗan tsinke mai auduga, ba wanda ya ga jikinta. A garin Dschang da ke yammacin Kamaru, likitocin ƙasar da na Janeba suna amfani da wannan hanya tun 2018, a gwada mace, a duba ta, a yi mata magani. Asibitocin Baftis na Kamaru sun soma shirin duba mata a 2007, nas-nas mata ne ke gudanar da shi, ɗaya daga cikin wuraren kuwa a Etoug-Ebe yake, cikin Yawunde. Ana yin gwajin kuma a asibitin mata da yara na Ngousso da asibitin koyarwa na jami'a. In an ga tabo tun yana ƙarami, akan ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai zafi na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da sanyi. In ya fi haka girma a yanke wurin kaɗai da wata siririyar waya. Mahaifa tana nan, haihuwa tana nan. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara tun tana da shekara 30, ta maimaita gwajin HPV bayan shekara 5 zuwa 10, na khal ko na Pap kuwa bayan shekara 3. Mai HIV ta fara daga 25.

Bayan sadakar arba'in Inna ta aika aka kira mata nas ɗin nan ta ce, "Ki kai ni a duba ni. Ba zan aiki 'ya'yan mutane inda ban taka ba." Ta faɗa daga baya cewa daren ranar ba ta yi barci ba, ta ga kamar da ƙafarta za ta je ta sayo wa kanta mugun labari. Mace ce ta duba ta, a bayan labule, da zanenta a jikinta. An sa wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa don a ga wurin, ta ji sanyinsa, ta ji an ɗan shafa, shi ke nan. Da yake shekarunta sun wuce 50, na Pap aka yi mata, gama na khal bai cika nuna gaskiya ga wadda haila ta ɗauke wa ba. Bayan mako biyu sakamako ya fito, babu kome.

Ranar adashe, da aka gama zubi, ta ce kada kowa ya tashi. Ta ba su labarin tun daga farko, ba ta ɓoye ko maganar warin ba, gama dukansu sun ji shi, sun yi shiru. Nan fa surutu ya tashi. Wata ta ce mai lafiya me zai kai shi asibiti, ai neman ciwo ne. Wata ta ce likita in ya duba ba ya rasa abin gani. Wata ta ji an ce cire mahaifa ake yi. Wata amarya, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Damagaram ba, ta ce ita ba ta da takardar zama, tana tsoron a tambaye ta. Mafi yawa kuwa abu uku suka ambata: kuɗi, da harshe, da izinin maigida.

Inna ba ta yi musu da kowa ba. Ta duba ta ga duk abin da suka lissafa, a wajen biki sun daɗe da samun maganinsa. In za a kai amarya Duwala, kuɗin mota adashe ke fitar da shi, izinin maigida dattijuwa ke nemowa, ba a kuma barin mace ta tafi ita kaɗai. To, me ya hana a yi wa asibiti haka? Aka yarda kowace ta ƙara sefa 200 a kan zubinta, a ajiye shi dabam, kuɗin gwaji da na tasi ke nan. Aka yarda a riƙa tafiya huɗu-huɗu, kowace tafiya da matar aure ɗaya mai jin Faransanci, kuma kada a sake sa ɗa ko 'ya su yi wa uwarsu tafinta. Nas ɗin ce ke fara zuwa ta tabbatar mace ce za ta yi dubawar a ranar, ta kuma tambayo abin da ake bukata a zo da shi, domin hankalin irin su amaryar nan ya kwanta.

Mazan kuwa Inna da kanta ta bi su. Wani Alhaji mai shagon shadda, mai mata biyu, ya ce mata, "Hajiya, iyalina lafiyarsu ƙalau. Ban ga dalilin da za a je ana buɗe su ba." Ta ce, "Alhaji, motarka da ka kai gareji kafin tafiyar Garwa, lalacewa ta yi?" Ya ce a'a, dubawa dai. Ta ce, "To, uwar 'ya'yanka ba ta kai mota ba? Mace ce za ta duba, ni zan tsaya a bakin ƙofa. Kai ka ɗauki makarar aminiyata, ka ga abin da ɗanta ya sayar kafin ta cika." Ya yi shiru, can ya ce su je su biyun, ya kuma biya da kansa. Yardar miji tana da muhimmanci ko bayan gwajin, gama wadda aka yi wa maganin tabo sai ta yi kamar wata guda ba a kusance ta ba, har wurin ya warke.

Cikin shekara guda mata 19 suka je. An ga tabo a jikin biyu. Ɗaya an yi mata magani a ranar, ta koma gida ta dafa tuwon dare, bayan shekara biyu ta haifi 'ya mace. Ɗayar an tura ta wani asibiti aka yanke wurin, tana komawa ana dubawa. Biyar ba su je ba. Ɗaya daga cikinsu har yanzu in aka tayar da maganar sai ta ce ita ta dogara ga Allah. Inna takan ce mata ita ma ga Shi ta dogara, amma ba ta taɓa kwana da ƙofarta a buɗe ba. Ba ta fasa yi mata tayi ba duk lokacin da za a tafi.

Wannan matsala ba ta Birik kaɗai ba ce. 'Ya'yan unguwar da aure ya kai su Faransa ko Ingila ko Amurka suna zaune ne inda asibiti ya wadata, amma an daɗe da lura cewa matan da suka yi ƙaura ba su cika zuwa gwajin kamar 'yan ƙasa ba. A Ingila hukumar lafiya takan aika wa mace gayyata daga shekara 25 zuwa 64, kuma kyauta ake yi. Amma wasiƙar da Turanci take zuwa, sai a ajiye ta tare da takardun wuta da na ruwa. A Amurka kuwa wannan ciwo ya fi kashe baƙaƙen mata a kan farare. Ashe gina asibiti bai isa ba, wasiƙa ma ba ta isa ba. Baƙuwa ba ta shiga gidan da ba ta sani ba sai da ɗan gari, ko a Yawunde take ko a Landan.

Akwai kuma rigakafi domin yara. An soma amfani da allurar HPV a duniya a 2006. Ostareliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007, Ruwanda a 2011. Kamaru ta sa ta cikin alluran yara a 2020, domin 'yan mata masu shekara 9, a 2023 aka haɗa da yara maza. Nijeriya ta fara a watan Oktoba na 2023, ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Jita-jita ta yi yawa cewa allurar tana hana haihuwa. Bai kamata a yi wa masu wannan tsoro dariya ba, gama mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Amma ita wannan allura ta yi kusan shekara 20 a hannun mutane, an yi wa miliyoyin yara, waɗanda aka fara yi wa kuma da yawansu yanzu suna goye da nasu 'ya'yan. Sai dai a sani, allura ba ta korar ƙwayar da ta riga ta zauna. Saboda haka allura ta 'ya ce, gwaji na uwa ne, ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya.

A watan Nuwamba na 2020 ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo. Burin shi ne kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata sau biyu, a shekara 35 da 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. A Janeba aka rubuta wannan, amma a tsakar gida irin ta Inna za a cika shi ko a kasa.

Ke mai karatu, in kin ga jini bayan kwanciya da maigida, ko tsakanin haila da haila, ko bayan haila ta ɗauke miki, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, kada ki jira ranar adashe. Ki nemi malama domin hukuncin ibadarki, ki nemi likita domin jikinki, a mako guda. In kuwa ba ki ga kome ba, kin kuma cika shekara 30, ke ce ainihin wadda ake nema. Kai kuma maigida, kada ka jira a zo roƙonka; kai ka tayar da maganar, ka ba da kuɗin mota. Wadda ta riga ta je, ta san ƙofa, ta san abin da ake tambaya, to, akwai bashi a kanta. Ta duba cikin maƙwabtanta wace ce ba ta jin harshen gari, wace ce kunya ta ɗaure, ta yafa mayafinta ta je ta ce mata, "Tashi in raka ki." Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gara a nuna haka a kan bencin asibiti tun tana takawa da ƙafarta.